Titin Kura Ba Filin Sukuwa Ba Ne

Tun kaka da kakanni, Bahaushe ba ya biyan kuɗin doki sai an hau an zaga da shi, ya ga taƙamarsa, ya ga sukuwarsa. Wannan ɗabi'a ba ta gushe ba, abin hawan ne kawai ya sauya. A yau akwai samari masu hali a manyan biranen ƙasar nan da ke sayen wani irin babur na tsere, wanda suke kira fawa-baik. Duk wanda ya mallaki irinsa, ko yake shirin saye, ransa yakan biya ya murɗa totur har ƙarshe don ya ga iyakar gudunsa. A cikin birni cunkoso ba zai bari ba, saboda haka hankali yakan koma kan manyan hanyoyin bayan gari. Ga mazaunin Kano kuwa, da wuya a sami wadda ta kai hanyar Zariya jan hankali, domin tagwayen hanya ce miƙaƙƙiya, an kuma sabunta kwaltarta a aikin da aka fara a 2018. Kimanin kilomita 30 daga birni, wannan hanya tana ratsa ƙasar Kura, ɗaya daga cikin manyan yankunan noman rani na Nijeriya.

Gwada irin wannan babur a kan hanyar jama'a ganganci ne da bai kamata a ƙyale ba. Dalilin kuwa bai tsaya ga doka kaɗai ba. Babban dalili yana cikin halittar jikin ɗan Adam, wato a idonsa da jijiyoyinsa da ƙoƙon kansa, waɗanda ke da iyakar da babu injin da zai iya ƙara musu.

Injin da ya fi ƙarfin hanya

Babur ƙirar Boxer da manoman Kura ke ɗaukar taki da buhun shinkafa a kansa yana da ƙarfin doki kimanin 8. Manyan baburan tsere na kamfanoni irin su Yamaha da Kawasaki da BMW suna kai ƙarfin doki 200, alhali nauyinsu bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba. Daga tsaye, irin wannan babur yana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa uku, wato sakan uku, kuma da yawansu suna wuce wannan gudu tun a giyar farko. Dokar hanya ta Nijeriya kuwa ta ƙayyade wa babur kilomita 50 a sa'a. Ke nan tun mahayi bai canza giya ba ya ninka abin da doka ta yarda masa.

A 1999 kamfanin Suzuki ya fito da babur mai suna Hayabusa, wanda ya haura kilomita 300 a sa'a. Abin ya tayar da hankalin hukumomi a Turai, har manyan kamfanoni suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa za su taƙaita gudun baburansu a kan wannan adadi. Sunan da aka ba babur ɗin yana da darasi ga mai nazarin halittu. Hayabusa a harshen Japan sunan wani irin shaho ne da ke kai hari daga sama da gudun da ya wuce kilomita 300 a sa'a. Amma shahon an halicce shi da kayan aikin da suka dace da wannan gudu. Yana da wani tantani a ido da ke share ƙura ba tare da ya rufe masa gani ba. Idonsa yana iya rarrabe ƙyaftawar haske fiye da sau 120 a daƙiƙa guda, ninki biyu na abin da idon mutum ke iyawa. Daɗin daɗawa, a sararin samaniya yake gudunsa, inda babu jaki, babu amalanke.

Mutum kuwa tafiyarsa ta yau da kullum kilomita 5 ce a sa'a. Usain Bolt, a ranar da ya kafa tarihi a birnin Balin a 2009, bai kai kilomita 45 a sa'a ba. Wannan shi ne ma'aunin da aka gina jikin ɗan Adam a kai.

Hanyar da masu ita

Wanda ya hango hanyar Kura daga kan babur zai ga kwalta ce shimfiɗe. Wanda ya san yankin ya san cewa kwaltar ta ratsa ta tsakiyar gona ne da kasuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na wannan shiri ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Sakamakon haka, lokacin da wasu ƙauyuka ke yin tsit da rani, a nan ne aiki ke kankama: shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir.

Sau da yawa gidan manomi yana wannan gefen titi, gonarsa tana wancan. Yakan tsallaka da asuba, ya dawo da yamma. Yara suna kai abinci gona, 'yan talla suna bin motoci, masu keke suna fitowa daga ƙananan hanyoyi da kwanduna a baya. A lokacin kakar tumatir, kasuwar Kwanar Gafan takan cika da manyan motocin da ke lodi zuwa kudancin ƙasar nan, 'yan dako suna kai da komo a bakin titi. Tayoyin tarakta da na amalanke suna jawo laka da yashi su zuba a kan kwalta. Wannan kaka kuma ta zo daidai da hunturu, lokacin da hazo kan sauka har mutum ya kasa hango abin da ke gabansa da 'yan ɗaruruwan mitoci.

Daƙiƙa ɗaya da rabi

Idan yaro ya faɗo titi ba zato, akwai matakan da jikin mahayi zai bi kafin birki ya kama. Haske zai faɗa a tantanin bayan ido, a mayar da shi saƙo, saƙon ya bi jijiya zuwa bayan ƙwaƙwalwa. A can za a gane cewa wannan abu yaro ne, kuma yana motsi. Sannan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya yanke shawara, a tura umarni ta cikin laka zuwa tsokar hannu da ta ƙafa. Ko da yake saƙo yana iya gudun mita 120 a daƙiƙa a cikin manyan jijiyoyi, ganewa da yanke shawara su ke cin lokaci. Masana sun auna cewa ga abin da ya zo ba zato, matsakaicin direba yana bukatar kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ƙwarewa tana iya rage wannan lokaci kaɗan, gajiya da ƙwaya suna ƙara shi, amma babu mai iya shafe shi.

Mai karatu zai iya yin lissafin da kansa. Babur mai gudun kilomita 50 a sa'a yana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin mahayi ya taɓa birki ya tafi mita 21, birkin kuma zai ci wasu mita 12 a kan busasshiyar kwalta, jimla mita 33. Mai gudun kilomita 200 kuwa yana cin mita 55 a daƙiƙa. Kafin ya taɓa birki ya tafi mita 83, birkin kuma zai ci kusan mita 190. Jimla ya haura mita 270, wato tsawon filin ƙwallo biyu da rabi. Abin lura shi ne, gudu ya ninka sau 4 ne kawai, amma tazarar birki ta ninka sau 16, domin ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Idan kuwa akwai yashi ko laka a kan kwaltar, taya ba za ta riƙe ba, tazarar tana iya ninkawa, ko kuma babur ya kwanta gaba ɗaya.

Har ila yau, gudu yana tsuke gani. Ƙaramin wuri ne kawai a tsakiyar tantanin ido ke gani tangaran. Yayin da gudu ya ƙaru, mahayi yakan kafa wannan wuri can nesa a gabansa, abin da ke gefe ya zama dishi-dishi. A yankin noma kuwa daga gefe haɗari ke fitowa. Ko ƙyaftawar ido abin lissafi ce. Gonakin ban-ruwa matattarar ƙwari ce da magariba, ga garken tsuntsayen jan-baki da ke bin shinkafa. Idan ƙwaro ya bugi fuska ido yakan rufe da kansa ba da izinin mai shi ba, kuma rufewar kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa tana nufin tafiyar mita 18 a makance.

Idon mai tsallaka titi

Mahayi yana iya cewa shi ya yarda ya sayar da ransa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sai dai a nan zafin ba a bakinsa kaɗai yake tsayawa ba. Ɗan dako da kwando a ka yana bukatar kimanin daƙiƙa 6 ya tsallake ɓangare ɗaya na tagwayen hanya. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa in dai babu mota a cikin mita 200, hanya ta ba shi, domin motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a mita 167 za ta ci a wannan lokaci. Babur mai gudun kilomita 200 kuwa zai ci mita 333. Wato a lokacin da mutumin ya ɗaga ƙafa, abin da zai buge shi yana can inda bai fi ɗigon tawada a ido ba. Ya duba hanya, ya yi hukuncin da ya saba yi daidai, amma duk da haka ya shiga tarko.

Ƙwaƙwalwa tana gane kusantowar abu ne ta yadda girmansa ke ƙaruwa a ido. Ƙaramin abu kamar babur yakan yi kamar yana nesa fiye da inda yake, girmansa kuma ba ya ƙaruwa sosai sai ya iso daf. Ga yara abin ya fi muni. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2011, ya nuna cewa yara 'yan firamare ba sa iya tantance kusantowar motar da gudunta ya wuce kimanin kilomita 30 a sa'a yadda ya kamata. Ƙarar salansa ma ba abin dogaro ba ce, domin baya take fuskanta, wanda ke gaba ba ya jin ta sosai sai lokaci ya ƙure.

Ga kuma dabbobi. Idanun saniya suna gefen kai ne, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, amma ba ta iya auna nisa da kyau. Ƙara mai ƙarfi da ta zo kwatsam tana firgita ta, ta zabura ta inda ba a zata ba, sauran garke su bi ta. Farar saniyar Fulani tana kai kilo 300. Karo da ita a irin wancan gudu bai da bambanci da karo da katanga.

Abin da ke faruwa ga jiki

Faɗuwa daga babur mai gudun kilomita 50 a sa'a daidai take da faɗowa daga bene mai hawa uku. A kilomita 100, hawa 13 ke nan. A kilomita 200, benen ya haura hawa 50. Ƙwaƙwalwar mutum, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, taushi gare ta, tana kuma iyo ne a cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa, sai ta bugi ƙashi ta gaba, ta dawo ta bugi na baya, siraran zaruruwan da ke haɗa sassanta su tsinke. Fata tana warkewa, ƙashi yana ɗoruwa, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka ba sa sake tsirowa kamar su. Shi ya sa wanda ya tsira da rai yakan ƙare da shanyewar jiki, ko farfaɗiya, ko sauyin hali.

Akwai wani rauni mai yaudara da ya kamata jama'a su sani. Ƙashin gefen kai, saman kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta fashe, mutum yana iya tashi ya kakkaɓe riga ya yi magana garau, bayan 'yan sa'o'i jinin da ya taru ya danne ƙwaƙwalwa ya faɗi sumamme. Saboda haka duk wanda kansa ya bugu a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau. Karayar ƙashin cinya ita kaɗai tana iya zubar da fiye da lita guda ta jini a cikin jiki, daga cikin lita 5 da babban mutum ke da ita. Irin waɗannan raunuka aikin manyan asibitocin birni ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma kilomita 30 ɗin da babur ya cinye cikin 'yan mintoci tafiya ce mai nisa ga wanda jini ke zuba a kansa.

Hular kwano tana taimakawa ƙwarai. Tarihinta ma ya samo asali ne daga haɗari irin wanda ake magana a kai. A watan Mayu na 1935, sojan Ingilan nan T. E. Lawrence yana gudu a kan babur mai ƙarfi a wata hanyar ƙauye, sai ya ci karo da yara biyu a kan keke waɗanda gangaren hanya ya ɓoye masa. Ya kauce musu, ya faɗi a ka, ya mutu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa kan binciken raunin kai, har rundunar sojan Ingila ta tilasta wa masu babur sa hula a 1941. Bincike ya nuna cewa hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Amma ma'aunin Turai yana gwada hular ne da bugun da bai wuce kilomita 30 a sa'a ba. Ba a yi ta don karo a kilomita 200 ba. Ɗan dako da yarinya 'yar talla kuwa ko wannan ba su da ita.

Hujjojin masu hawa

Adalci ne a saurari masu wannan sha'awa. Suna cewa yawancin haɗurran da ke kashe mutane a hanyoyin nan na motoci ne da ƙananan babura, su kuwa 'yan kaɗan ne, kuma sun fi kowa sa hula da rigar kariya. Wannan gaskiya ne. Sai dai ƙarancinsu ne ya sa adadin bai yi yawa ba, kuma rigar kariya mai ita kaɗai take karewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4.

Suna kuma cewa mai saye yana da haƙƙin gwada abin da zai biya miliyoyin naira a kansa. Haka ne. Amma abubuwan da mai saye ke bukatar sani, wato lafiyar birki da kuloci da giya, da ko injin yana zafi ko hayaƙi, da ko kan babur yana ja gefe, duk ana gane su a matsakaicin gudu. Ƙarfin inji kuwa akwai na'urar da ake ɗora babur a kai a cikin gareji, ta auna shi yana tsaye wuri guda. Ranar gwaji ma ita ce rana mafi haɗari, domin hannun mahayi bai saba da totur da birkin wannan babur ba tukuna.

Wasu suna taƙama da ƙwarewa. A tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan ana tseren babura a kan titunan gari tun 1907. Akan rufe hanyar gaba ɗaya, a girke likitoci da jirgin sama mai saukar ungulu, mahayan kuma gwanaye ne na duniya. Duk da haka fiye da mutum 250 sun mutu a wannan fage. Kuɗi da matsayi ma ba sa sauya lissafin. A watan Disamba na 2017 ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci ya yi haɗari a kan irin wannan babur a unguwar Gwarimpa ta Abuja, ya sami rauni a ka da karaya, har sai da aka fitar da shi ƙasar waje. Ɗan manomin Kura ba shi da wannan gata.

Ya kamata a fahimci cewa sha'awar gudu tana da tushe a halitta. Gudu yana sa jiki ya saki sinadarin adirinalin da na dofamin, masu kawo kuzari da jin daɗi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Bincike ya kuma nuna cewa matashi ya fi yin kasada idan abokansa suna kallo, kuma a yau wayar da ke ɗaukar bidiyo ta zama taron 'yan kallo a aljihu. Abin da ke da tushe irin wannan, hani kaɗai ba ya kashe shi. Sai an sama masa wuri.

Abin da ya kamata a yi

Masu doki sun daɗe da gane wannan, shi ya sa Kano take da filin sukuwa. Masu baburan tsere, waɗanda yawancinsu ba matalauta ba ne, suna iya haɗa kai da gwamnatin jiha da 'yan kasuwa a keɓe musu fage mai shinge, da motar asibiti a gefe, inda mai saye zai gwada, sabon shiga ya koya, gwani ya nuna bajinta. Ƙungiyoyinsu su kafa ƙa'idar cewa wanda ya yi tsere a hanyar jama'a ya fita daga cikinsu. Dillalai da makanikai su daina miƙa makulli ga wanda ba shi da lasisi da hula. Iyayen da ke sayen irin wannan babur ga ɗan shekara 19 su tuna da abin da aka faɗa game da gaban ƙwaƙwalwa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da hurumin auna gudu da hukunta mai laifi. Ya dace ta fi mayar da hankali kan tsakanin Kura da Kwanar Gafan a watannin hunturu, musamman da sassafe da yamma, lokacin da manoma ke tsallakawa. Hakimai da dagatai da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su nemi a kafa alamun rage gudu da wuraren tsallakawa a inda jama'a da dabbobi suka saba bi. Malaman firamare na yankin kuma su koya wa yara cewa fitila ɗaya da aka hango can nesa tana iya isowa kafin a kai tsakiyar titi.

Idan haɗari ya auku akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma wanda ya san cewa yana bukatar mita 270 kafin ya tsaya, ya kuma shiga da wannan gudu cikin hazo, a hanyar da yara ke kai abinci gona, ya riga ya san abin da zai iya biyo baya tun kafin ya tayar da inji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.